Tafintan Baba

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe wannan kundi ne domin tarihi, kasancewar kowane gagarumin balaguro yana buƙatar marubuci, kuma ban ga wanda ya cancanci rubuta nawa ba face ni kaina. Da Hausa zan rubuta shi bisa dalilai biyu. Na farko, harshe ne ma'abucin alfarma. Na biyu, ƙanwata Hajar gwana ce wajen binciken ɗakin mutane, kuma a nan Manchester aka haife ta. Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Ni kuwa sai da na shekara goma sha uku a hannun kakata a Malumfashi kafin a kawo ni, saboda haka da hujja nake magana.

Ni, Abdulhafiz Sha'aban, mai riƙe da digiri a fannin siyasa da falsafa, zan bar unguwarmu Gorton ranar Alhamis mai zuwa in nufi Ostireliya a kan bizar aiki da hutu, shekara guda cur. Ni da aminina Davou mun sami gurbi a wata gonar mangwaro da ke arewacin ƙasar. Za mu yi tsinka na 'yan watanni, sauran kuma mu ba idanunmu abinci.

Baba bai gamsu ba. Dakta Sha'aban, malamin lissafi a kwaleji, mutumin da yake gyara wa council, wato hukumar gari, Turancin wasiƙarsu kafin ya ba su amsa, ya ce shi ya gudo daga gonar ubansa ya yi digiri uku, ba domin ɗansa ya ƙetare teku ya hau bishiya ba. Na amsa masa da cewa wannan ra'ayin riƙau ne wanda zamani ya riga ya yi wa jana'iza. Jimla ce mai kyau. Daga nan na sassauta, na ce ba yardarsa da hujjata nake nema ba, albarka kawai zai sa mini. Ya ce albarka ba tikitin bas ba ce da ake yanka wa duk wanda ya shiga layi.

Gobe walimar bankwana. Ya ce ba zai samu halarta ba, za shi Birmingham suna a gidan abokinsa Kawu Sanusi. Jaririn da ko haƙori bai yi ba ya fi ni muhimmanci. Madalla.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ya fita da wuri cikin shaddarsa ruwan toka. Na ji ya tsaya a ƙasan bene na ɗan lokaci kafin ya ja ƙofa. Ban sauko ba. Na cire sakin layin godiya ga mahaifi daga jawabina, domin babu hikima a gode wa kujera.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da azahar

Birmingham.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Wajibi ne in rubuta yadda walima ta kasance, domin an yi ta, kuma ta ƙayatar.

Zauren ya cika. Iyayenmu mata, ƙawayen marigayiya Mama, kowace da ƙullin guzurinta: kilishi, yaji, kuka, daddawa, dambun nama. Hajiya Hafsatu ta ba ni sautun turmin atamfa in kai wa 'yar ƙanwarta a birnin Perth na Ostireliya, ta ce in na je in tambaya, kowa ya san gidan. Dattawa suka yi addu'a. Na bi su ɗaya bayan ɗaya muka yafi juna, kamar yadda ake yi wa mai doguwar tafiya. Sannan na miƙe na yi jawabi a kan haƙƙin matashi na tsara makomarsa da hannunsa.

Wayata tana ta motsi a aljihu. Na duba sau ɗaya, na ga sunan Kawu Sanusi, na ɗauka nasiha aka aiko shi da ita. Na mayar da ita aljihu, na kammala jawabin. An tafa sosai. Ana cikin tafin na hango Hajar tana ratso mutane, takalminta ɗaya a hannu.

Davou ne ya tuƙa mu zuwa asibiti a Birmingham.

An ce an ba Baba jaririn ya yi masa addu'a, ya miƙa shi ga uwarsa lafiya lau, sannan ya zame daga kujera. Likita ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ba ya motsi. Ta kuma tabbatar mini cewa ko da na ɗaga wayar a kiran farko babu abin da zai sauya, domin motar asibiti ta riga ta iso. Na tambaye ta sau biyu, domin cikar bayani kawai.

Ban ji komai ba. Na rubuta wannan ne a matsayin abin lura.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Ya farka sosai yau. Hajar ta kama hannunsa na hagu ta dinga zuba masa magana da Turancinta na Gorton, yana kallon bakinta kamar mai kallon ruwan sama ta taga. Can ya juyo da ido gare ni, ya yi ta kokawa da leɓensa, ya ce, "Ruwa."

Wata ma'aikaciya mai suna Angelina, wadda aikinta koya wa irinsu magana, ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce yakan faru ga mai harshe biyu: wanda aka koya daga baya ya ɓace, na goyo ya rage, shi ma gutsi-gutsi. Na tambaye ta ko zai dawo. Ta ce wani yakan dawo, wani ba ya dawowa, kuma ba a yi masa lissafi da makonni.

Wato mutumin da ya haramta Hausa a teburin cin abinci tun rasuwar Mama, wai kada ta ɓata wa Hajar karatu, yanzu ba shi da komai sai ita. A falsafa akwai sunan da ake kiran irin wannan. Na manta shi.

Hajar ta ce, "Me ya ce? Hafiz, me ya ce?"

Na ce ruwa yake so.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Davou ya tashi yau. Ya kira ni daga filin jirgi. Ya ce, "Mutumina, ka zauna da tsoho tukuna, mangoro ba ya gudu. Zan gaya wa mai gona kana hanya." Na ce ya daina magana kamar wanda ya zo ta'aziyya, ɗagawa ce kawai ta dabara.

Na mayar da tikitina zuwa bakwai ga Nuwamba. Ba zan iya wuce nan ba, domin tun bara na karɓi bizar a ɓoye, kuma in ban taka ƙasar ba kafin tsakiyar watan, ta mutu.

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

A gidan Kawu Sanusi nake kwana, kusa da jami'a, a ɗakin da aka jibge kayan jariri. Matarsa, Anti Safiyatu, ba ta bari in wanke ko kofi. Kullum da safe sai ta ce, "Abdulhafiz, ka ci wani abu, mai jinya shi ma majinyaci ne." Ba ta taɓa ambatar kujerar falon da Baba ya zame daga kanta ba, amma na lura an fitar da ita.

Davou ya aiko da saƙo daga can. Ya ce jami'an filin jirgi sun karɓe busasshen naman da mamarsa ta ƙulla masa, ba a shiga ƙasar da irinsa. Ashe duk guzurin da iyayenmu suka kwana suna dakawa, akasarinsa kwandon shara zai ƙare. Tun da haka ne na fara cin kilishin a barandar asibiti. Ba na jin yajinsa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

An naɗa ni tafinta ba tare da takardar naɗi ba. Angelina takan zo da hotuna ta nuna masa, shi ya faɗi suna, ni in faɗa mata ko ya dace. Ta nuna cokali, ya ce koshiya. Ta nuna gida, ya ce, "Inna." Ta nuna kare, ya yi tsaki. Na ce mata wannan daidai ne ɗari bisa ɗari.

Hausar da ke fitowa daga bakinsa ba ta Dakta ba ce. Ta kakata ce, da irin lanƙwasarta da komai. Rabin kalmar yake furtawa, sauran rabin in cike daga abin da na ji ina yaro a tsakar gida. Ko Kawu Sanusi, Bakano, sai ya juyo ya dube ni.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin halin da ake ciki. Na ce, "Baba, bisa la'akari da sakamakon binciken da ƙwararru suka gudanar, akwai kyakkyawan zato cewa…" Ya rufe ido. Angelina ta taɓa ni a kafaɗa ta ce in rage tsawon jimlolina. Na ce ai ba ta jin Hausa. Ta ce ba ta ji, amma tana iya auna tsawo.

Na ce, "Baba, da sauƙi."

Ya buɗe ido.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ruwa. Sanyi. Juya ni. Bari. Kalmomin jiya ke nan gaba ɗaya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma, cikin jirgin ƙasa

Na je Manchester ɗebo masa kaya. Kuskure ne da na tsaya sallar Juma'a a masallacin unguwa.

Liman ya yi wa Baba addu'a da suna, wannan daidai ne. Sai ya ƙara da cewa jama'a su yi koyi da ɗansa, wanda an riga an yi bankwana da shi, jakarsa a ɗaure, amma ya fasa tafiya saboda mahaifinsa. Aka yi ta kabbara. Bayan sallama dattawan da na yafi juna da su makonni biyu da suka wuce suka yi layi suna shafa kaina. Wani ya ce, "Ɗan halak ke nan." Na sunkuyar da kai har layin ya ƙare.

A bakin kasuwar Gorton na yi karo da Hajiya Hafsatu. Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fasa. Dama ni tun farko tafiyar ba ta kwanta mini ba, kunya ce ta hana ni faɗa. Atamfar nan fa, in ka samu sarari ka miƙo mini, akwai mai tafiya a Disamba."

Na ce to, Hajiya.

Gidan yana wari irin na rufaffen wuri. Hajar tana kwana gidan ƙawarta saboda kwaleji. Jakata tana nan a tsakiyar ɗaki inda na bar ta. Jan alƙalamin Baba yana kan tebur, a kan takardun ɗalibai da bai gama dubawa ba. Na ɗauki rigunan barci da carbi na fito.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ban fasa ba. Babu wanda ya tambaye ni.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na sanar da Angelina ranar tafiyata, domin tsari ya ginu a kan gaskiya. Ba ta canja fuska ba. Ta ce rayuwata tawa ce, kuma akwai tafintoci na waya da asibiti ke amfani da su, bari a gwada tun ina nan.

Aka kira. Wani bawan Allah mai ladabi ya yi sallama, ya gaida Baba da jiki cikin Hausa tsantsa wadda ko ni ba zan kushe ba. Baba ya amsa da abin da ya iya. Mutumin ya ce, "Na'am, Alhaji?" Baba ya maimaita. Ya ce, "Gafarta dai, ban kama ba, a sake." A karo na uku Baba ya juya fuska bango.

Abin da yake cewa shi ne diddigensa na masa zafi. Na ɗaga bargo na sa masa matashi.

Da aka fita ya kira ni da ido. Ya nuna wayar da haɓa, sannan ya nuna ni. Ya ce, "Yaushe?"

Ƙwaƙwalwar lissafi tana nan, ashe. Na ce bakwai ga wata mai kamawa. Ya gyaɗa kai.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Bai yi magana ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Hajar ta zo hutun mako guda. Angelina ba ta gaya mata ranar tafiyata ba, ni na gaya mata, a wurin injin sayar da shayi. Zan fassara abin da ta ce, in tace ashar ɗin.

Ta ce, "Kai kaɗai kake jin abin da yake faɗa, kuma kai ne za ka gudu? Ni shekarata goma sha bakwai, Hafiz. In ya ce yana mutuwa zan ɗauka shayi yake so."

Na yi mata bayani cewa al'amarin yana da fuskoki da dama waɗanda ke buƙatar nazari cikin natsuwa. Ta ce in na sake ce mata fuskoki za ta watsa mini shayin a tawa. Sannan ta ciro waya ta ce, "To koya mini. Yanzu. Yaya ake cewa ina ne ke ciwo?"

Mun zauna a nan har aka rufe lokacin ziyara. Tana cewa ƙafa kamar mai tari. Da muka koma ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, ina ciwo?" Ya dube ta tsawon lokaci. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Ya ce, "Auta."

Ta juyo. Na ce sunanki ne, ma'anarsa ta ƙarshe. Ta shiga banɗaki ta daɗe.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Baba ba ya yarda ma'aikata mata su wanke shi in ina kusa, kuma Hajar ko kusa da labule ba ya bari ta zo. Saboda haka ni nake yi. Na koyi yadda ake juya mutum da zanen gado, da yadda ake aske gemu a kumatun da ba ya ji. Ni nake masa alwala. Hannun daman yana da nauyi fiye da yadda hannu ya kamata ya yi, kamar an ba ka ajiyar wani abu.

Ba ma haɗa ido a lokacin. Shi yana kallon rufi, ni ina kallon aikina. Da wannan hannun ya taɓa marina sau ɗaya tak, shekarar da na zo, da na ce gidan nan ba gidanmu ba ne. Na wanke tsakanin yatsun, na goge, na ajiye masa a kan cinya.

Ban ji komai ba. Ina ci gaba da lura.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Davou ya kira da bidiyo. Ya yi baƙi ƙirin, ƙaron mangwaro ya ƙona masa wuya da hannuwa, yana ta dariya. Ya ce aikin wahala ne kamar na jaki, kwana cikin ɗaki ɗaya da Bajamushe mai minshari. Sannan ya juya wayar ya nuna mini sararin sama. Ba gini, ba waya, ba komai, sai jan ƙasa har iyakar gani. Ya ce, "Gadonka na nan, na sa jaka a kai kar wani ya ɗauka. Amma in ba ka zo ba, wallahi babu wanda zai zarge ka."

Na ce masa matsayata ba ta sauya ba.

Zan rubuta wannan ba tare da ado ba, tunda babu mai karantawa. Ina so in tafi. Tun da na sauka a ƙasar nan ni ɗan Dakta ne, a masallaci, a kasuwa, a ko'ina. Ina so in tsaya a wurin da babu wanda ya san ɗan waye ni, ko na shekara ɗaya. Ciwonsa bai kashe wannan son ba. Na yi zaton zai kashe.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Na je Gorton na ɗauko jakar. Kawu Sanusi ya gan ta a bakin ƙofa, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "An yi la'asar kuwa?"

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Gobe za a yi zaman shawara kan sallamarsa. An shimfiɗa mana hanya biyu. In akwai babban mutum da zai zauna da shi a gida, za a mai da shi Gorton, council ta sa ƙarfen dafawa a bene da banɗaki, ma'aikata su riƙa zuwa safe da yamma. In babu, za a nema masa gado a gidan kula da marasa lafiya a Manchester har abin da hali ya yi. An ce wuraren suna da tsabta kuma ma'aikatan suna da kirki. Na yarda. Ban tambaya ko akwai mai jin Hausar Malumfashi a cikinsu ba.

Na fassara masa duka biyun, a gajarce. Ya saurara.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ana ta harba wutar wasa a waje, daren wani bikin Turawa ne. Zan rubuta abin da ya faru bi da bi.

Ƙaramin ɗaki ne. Likita, Angelina, wata jami'ar jin daɗin jama'a da kwamfutarta, Hajar, ni, da Baba a keken guragu cikin farar jallabiya. Ya sa na ɗora masa hula. Jami'ar ta ce ra'ayin majinyaci shi ne gaba da komai, ta roƙe ni in tambaye shi inda yake so ya koma, kuma in faɗi amsarsa yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi.

Na tambaye shi.

Ya daɗe. Na ga jijiyar wuyansa tana tashi. Tun da lamarin ya faru bai taɓa haɗa kalma fiye da uku ba, kuma na gane cewa shirun da ya yi ta yi kwanakin nan, wannan yake haɗawa. Bai dubi jami'ar ba, ni ya duba.

Ya ce, "Yaro… ya tafi. Ni… ko'ina. Na yafe. Allah… ya yi… albarka."

Sannan ya sa hannun hagu ya kamo na daman daga cinyarsa, ya ɗago shi da ƙyar kamar mai ɗaga turmi, domin ba a sa albarka da hagu. Na sunkuya. Ya aza mini shi a ka. Ya zame, ya sake azawa.

Jami'ar ta ɗora yatsu a kan kwamfuta ta ce, me ya ce?

Na miƙe zaune. Na ji bakina yana magana da Turanci mai kyau, irin wanda shi zai yaba. Na ce, ya ce gida yake so ya koma, kuma ɗansa zai zauna da shi.

Ta tambaya ko ni na amince da hakan. Na ce na amince. Ta rubuta. Angelina ta dube ni, ta dubi tsawon abin da ya faɗa da tsawon abin da na faɗa. Baba ya jingina da keken, ya rufe ido kamar wanda ya sauke kaya.

A baranda Hajar ta riƙo hannun rigata. Da Hausa ta yi maganar, tana tuntuɓe a kan kowace kalma. Ta ce, "Ba haka… ya ce ba. Ya ce tafi. Na ji tafi."

Na ce mata fassara fanni ne mai zurfi wanda ɗalibar kwana goma ba za ta yi wa malaminta gyara a cikinsa ba.

Ta ce, "Maƙaryaci." Ban san inda ta koyo wannan ba. Ba ta saki rigar ba har muka kai tasha.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Ya ce in kawo jakar ya gani. Na ce tana gida. Ya ce, "Sanyi… jirgi. Riga." Na ce to, zan sa riga.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na shiga da kwanon kunun da Anti Safiyatu ta dama. Hajar tana gefen gado, Angelina tana jera hotunanta. Ya gan ni. Ya dubi agogon bango, ya dubi allon da ake rubuta kwanan wata, ya sake dubana.

Ya ce, "Jirgi?"

Na ce ya tashi.

Ya ce, "Kai?"

Na ce, "Gida za mu, Baba. Ran Litinin. Ni da kai da Auta."

Na ga lissafin yana tafiya a fuskarsa, daga ɗakin shawara, zuwa matar da kwamfutarta, zuwa bakina. Gefen fuskarsa mai rai ya murtuke. Ya kai hannun hagu ya ture kofin roba daga tebur, ruwan ya fantsama a takalmina. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, kuma abin da ya fito ya fito sarai, da cikakkiyar muryar Dakta Sha'aban ta gaban allo:

"Nonsense!"

Hotunan suka zube daga hannun Angelina. Ta ce ya sake faɗa, don Allah ya sake faɗa. Ya ko sake, har sau biyu, yana nuna ni da yatsa. Hajar ta fashe da dariya tana kuka, ta kifa kai a kan bargonsa. Wata nas ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ina tsaye da kwanon kunu a hannu. Babu wanda ya juyo ya tambaye ni me ya ce.